Lafiya Uwar Jiki: Mura A Lokacin Hunturu

Da zarar watan Nuwamba ya kama, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar da ta kwaso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, to, sai garin Potiskum ya cika da tari da atishawa. Wanda ya shiga kasuwar shanu ranar Laraba da sassafe zai tarar da dillalai da fatake da direbobin manyan motoci, kowa ya rufe hanci da rawani, ana ciniki ana fyace majina. Kasuwar nan tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, mutane kan zo mata daga nesa, a yi musabaha, a ƙirga kuɗi da yawu a yatsa, a sha shayi da kofin da wani ya ajiye yanzu. Mura ba ta neman hanyar da ta fi wannan sauƙi.

Yawancin jama'a sun ɗauka sanyi ne da kansa yake kawo mura, ko shan ruwan randa da asuba. Abin da masana suka tabbatar shi ne ƙwayoyin cuta ne da ake kira bairos suke kawo ta, kuma irinsu ya wuce 200. Suna bin numfashi da hannu su shiga hanci ko ido. Amma fa tsofaffin da ke cewa a rufe hanci ba su yi kuskure ba, domin busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci, ga shi kuma sanyi yana sa a cunkushe a ɗaki guda a rufe taga. Baligi kan yi mura sau biyu ko uku a shekara, yaro kuwa sau shida zuwa takwas, kuma takan ɗauki kwana bakwai zuwa goma, ko da yake tarin yana iya jan jiki har mako uku.

Shin akwai maganin da ke kashe ta? A garin Salisbury na ƙasar Ingila an buɗe wata cibiya a shekarar 1946 musamman don binciken mura. Mutane sukan kai kansu a ɗiga musu ƙwayar cutar a hanci, a tsare su kwanaki ana lura da su. An shafe fiye da shekara arba'in ana wannan aiki, aka rufe cibiyar ba a sami maganin ba. Har yau jikin mutum ne ke yaƙar mura da kansa. Aikin magani, na gida ko na asibiti, shi ne ya rage wahala, ya ba jiki sarari ya gama yaƙinsa.

Saboda haka magani na farko shi ne hutu. Dillalin da ya kwana yana rawar sanyi, ya fita da asuba cikin hazo don kada ciniki ya wuce shi, ya tsawaita ciwonsa kuma ya raba shi ga abokan hulɗarsa. Kwana ɗaya ko biyu a gida, da isasshen barci, sun fi allurar da za a je nema. Na biyu shi ne yawan shan abu mai ɗumi: ruwan zafi, kunun tsamiya, romon kaza ko farfesun kayan ciki, shayi mai citta da kanumfari da masoro. Ɗumin yana tsinka majina, yana sanyaya maƙogwaro, yana mayar wa jiki ruwan da zazzaɓi ya ƙone. Citta ba ta kashe bairos, amma sauƙin da mai mura yake ji bayan ya kurɓa na gaskiya ne, kuma ba ya cutarwa, sai dai mai gyambon ciki ya sassauta yaji.

Zuma ce ta fi kowane maganin gida samun shaidar likitoci. A shekarar 2007 wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka ya nuna cewa yaran da aka ba zuma kafin kwanciya sun fi samun sauƙin tarin dare da barci mai daɗi a kan waɗanda ba a ba kome ba. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ya isa, a lasa ko a dama da ruwan ɗumi da lemun tsami. Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya kashewa, wadda ke sa jikinsa ya saki har numfashi ya gagara. Jariri mai mura abin da yake bukata shi ne a yawaita ba shi nono, a riƙa share masa hanci.

Ga mai ƙaiƙayin maƙogwaro, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure har can ciki, a zubar, sau uku ko huɗu a yini. Lemun zaƙi da lemun tsami abinci ne mai kyau, amma kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Tun 1970 da masani Linus Pauling ya wallafa littafinsa a kan bitamin C da mura ake ta gwaji, kuma abin da aka gano shi ne shan sa kullum yana ɗan rage kwanakin ciwon, amma fara shan sa bayan mura ta kama ba ya korar ta.

Sai batun surace, wanda kusan kowane gida ake yi da ganyen darbejiya ko man zafi. Tururin yana buɗe hanci na ɗan lokaci, ba ya rage kwanakin mura. Babba yana iya yi da hankali, amma lulluɓe ƙaramin yaro da bargo a kan tukunyar tafasasshen ruwa ganganci ne, domin ƙuna ta fi mura muni nesa ba kusa ba. Haka nan kwana da kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ko'ina: gawayi yana fitar da wata iska mai guba marar wari, wadda ke ɗauke mutum cikin barci. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Inda aka fi yin asara kuwa shi ne a kemis. Magidanci zai je ya ce a haɗa masa na mura, a ƙulla masa ƙwayoyi kala biyar, ciki har da kafso irin su amfisilin. Waɗannan an yi su ne don kashe bakteriya, ba su taɓa bairos ko kaɗan. Kuɗi sun tafi, kuma yawan shan su ba gaira ba dalili yana koya wa cututtuka jure musu, har ranar da za a bukace su da gaske su ƙi aiki. Don ciwon kai da zazzaɓi farasitamol ya isa, baligi kada ya wuce ƙwaya takwas masu nauyin miligiram 500 cikin awa 24, a kuma tuna cewa yawancin magungunan mura na kwali suna da farasitamol a cikinsu, kada a haɗa biyu a illata hanta. Ba a ba yara asfirin. Maganin tari mai kodin kuwa, Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan an ga yadda ya lalata matasa a Arewa.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne a gane lokacin da ciwo ya wuce mura. Uwa ta ɗaga rigar ɗanta ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Idan ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, to, alamar limoniya ce, a nufi asibiti a ranar. Zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da amai da sandarewar wuya alamar sanƙarau ce. Mutanen Potiskum ba su manta da farkon shekarar 2024 ba, sa'ad da cutar ta shiga makarantun kwana na garin ta yi sanadin rasuwar ɗalibai. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku yana bukatar gwajin maleriya, tarin da ya wuce mako biyu kuma a je a auna ko tarin fuka ne.

Wanda mura ta kama ya tausaya wa na kusa da shi: ya rufe baki da hanci in zai yi atishawa, ya wanke hannu da sabulu, ya ware kofinsa, ya nisanci jarirai da tsofaffi har ya warware. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa a ga bayan hunturu lafiya.