Aninin Da Aka Liƙa Wa Abu Ali A Bakin Daga

Galibi a Nijeriya ba a tunawa da bajintar soja sai an lulluɓe akwatin gawarsa da tuta, an harba bindigogi sama, an miƙa wa magajinsa hula da takalma. Abin da ya bambanta labarin Laftana-Kanar Muhammad Abu Ali shi ne, shi ya ga tasa girmamawar da idonsa.

A farkon watan Janairu na 2015 kusan babu wanda ya san sunansa a wajen barikin soja. A wannan wata ne 'yan Boko Haram suka ci garin Baga, a gaɓar Tafkin Chadi, suka yi wa jama'a kisan gilla. A watan Fabrairu sojoji suka koma suka ƙwato garin, kuma Abu Ali, a lokacin yana Manjo, shi ne ya ja tankokin yaƙi a gaba. Sojojinsa suka riƙa kiransa Sarkin Yaƙi. Irin wannan suna kuwa ba a rubuta shi a takardar hukuma, kurata ne ke ba hafsan da suka gani a gabansu sa'ad da wuta ta yi wuta.

A watan Satumba na wannan shekara, Shugaban Hafsoshin Sojan Ƙasa na lokacin, Laftana-Janar Tukur Buratai, ya tafi har Gamboru Ngala, bakin iyakar Kamaru, ya liƙa masa aninin Laftana-Kanar tun wa'adinsa bai cika ba. A aikin soja ƙarin girma yana bin shekaru da jarrabawa, saboda haka tsallake layi irin wannan ba abu ne da ake yi kullum ba. Kuma an yi shi a inda ya kamata, watau gaban waɗanda suka shaida aikin, domin su ma su san ana gani.

Ɗan gidan soja ne da sarauta. Mahaifinsa, Birgediya-Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja na Jihar Bauci daga 1990 zuwa 1992, daga baya ya zama Etsu na Bassa-Nge a Jihar Kogi. 'Ya'yan manya da yawa da sun nemi kujera a hedkwata.

Daren Jumma'a, 4 ga Nuwamba 2016, abokan gaba suka kai hari Malam Fatori, kan iyakar Nijar. A nan aka kashe shi, yana da shekara 36, yana kwamandan Bataliya ta 272 ta tankokin yaƙi. Ran 7 ga wata aka binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, kuma a 2017 aka sa sunansa ga filin koyon harbi da sojoji suka kafa cikin dajin Sambisa.

To, amma ba shi kaɗai aka binne a wannan rana ba. Akwai ƙananan sojoji shida da aka jera kusa da shi, waɗanda jaridu suka ambata sau ɗaya suka wuce. Kowace shekara ran 15 ga Janairu manya sukan ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Abin da ya kamata a tambayi hukumomin soja a wannan rana shi ne, ko matan waɗannan shida sun karɓi haƙƙin mazajensu cikakke, kuma a wace makaranta 'ya'yansu suke.