Fati Lami Abubakar da darasin da matan shugabanni suka ƙi ɗauka

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai tanadi ofishin uwargidan shugaban ƙasa ba, amma da wuya a sami ofishin da ya fi shi kwarjini a Abuja. Kowace gwamnati na zuwa da gidauniyar uwargidanta, a tara attajirai da gwamnoni a yi bikin ƙaddamarwa, a yi alƙawuran kuɗi masu yawa. Ranar da mijin ya sauka, sai a naɗe tabarmar gidauniyar tare da shi. Wannan al'ada ce ta sa rayuwar Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta cancanci a sake dubanta, domin ita ta bi wata hanya dabam.

An haife ta a 1951, ta karanci shari'a a Jami'ar Ife, sannan ta shiga aikin gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Neja. A 1989 aka naɗa ta alƙaliyar Babbar Kotun jihar. Ke nan lokacin da mijinta, Janar Abdulsalami Abubakar, ya karɓi mulki a watan Yunin 1998 bayan rasuwar Janar Sani Abacha, ta riga ta shekara tara a kan kujerar shari'a. Zamanta na uwargidan shugaban ƙasa bai cika shekara ba, ya ƙare ranar 29 ga Mayun 1999. Ba ta ajiye aikinta saboda fadar mulki ba. Ta ci gaba da alƙalanci har ta zama Babbar Jojin Jihar Neja a 2013, ta yi ritaya a 2016 da ta cika shekara 65.

Abin da ta bari daga waccan 'yar gajeruwar shekara shi ne ƙungiyar WRAPA, wadda aka kafa a 1999 domin kare haƙƙin mata ta hanyar doka. An yi mata rajista a matsayin ƙungiya mai zaman kanta, da shugabanninta da ma'aikatanta, ba reshen fadar shugaban ƙasa ba. Amfanin hakan ya bayyana bayan 'yan shekaru. A 2002 wata kotun shari'ar Musulunci a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa. WRAPA na cikin waɗanda suka tsaya mata wajen ɗaukaka ƙara, lauyoyi suka kafa hujjojinsu daga cikin fikihun Malikiyya, kuma a watan Satumban 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jihar ta soke hukuncin. A lokacin, Janar Abdulsalami ya shekara huɗu da barin mulki.

A kwatanta wannan da shirye-shiryen da suka gabata. Shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka fara a 1987, ya yi tashe ƙwarai, haka ma shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha. Ba za a ce ba su bar komai ba: Cibiyar Bunƙasa Mata da Asibitin Ƙasa da ke Abuja daga gare su suka samo asali. Sai dai gine-ginen sun rayu ne saboda gwamnati ta rungume su, shirye-shiryen kansu kuwa sun bi masu su. Abin aro ba ya ado, in ji masu iya magana, kuma ikon uwargida aro ne daga kujerar mijinta.

Akwai masu cewa matar Janar ba ta rasa mai buɗe mata ƙofa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sunan gidan ya sauƙaƙa wa WRAPA samun masu saurarenta. Haka kuma alƙaliyar da mijinta ke mulki da dokokin soja, waɗanda sukan ɗaure hannun kotuna, tana cikin matsayi mai wuyar sha'ani. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da aka yi da damar. Wasu sun mayar da ita hanyar rabon shinkafa da atamfa a gaban 'yan jarida. Ita ta kafa abin da bazawarar da aka hana gado, ko matar da aka kora ba tare da haƙƙinta ba, za ta iya zuwa ta sami lauya.

Darasin ya shafi matan gwamnonin da ke da gidauniyoyi a yau. Duk wadda ke son aikinta ya ɗore, ta raba shi da asusun gwamnati, ta ba shi amintattun da ba ma'aikatan mijinta ba, ta riƙa bayyana kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Majalisu kuma su daina kawar da kai daga kuɗin jama'a da ake kashewa a ofishin da doka ba ta san da shi ba.

Ya kuma shafi iyaye da mazaje, musamman a Arewa, inda har yanzu ake cire yarinya daga makaranta da zarar miji ya fito, ko a sa mace ta ajiye aikinta don maigida ya sami muƙami. Mulkin mijin Fati Lami wata goma sha ɗaya ya yi. Alƙalancinta ya kai shekara ashirin da bakwai, kuma karatun da aka bari ta kammala ne ya ba ta shi.