Sharhi: Macen Kudancin Kaduna da Rabonta a Gona

Sharhinmu na yau zai duba yadda aikin mace da na namiji suka sauya a Kudancin Kaduna.

A zamanin kakanni, a ƙasashen Atyap, Bajju, Ham da Fantswam, kowa ya san rabonsa. Sassabe da huɗa da farauta na maza ne. Shuka, cirar ciyawa, sussukar acca, ɗibar ruwa da itace kuwa na mata. Amma in an zo yanke shawara, dattawa maza kaɗai ke zama. Ko sirrin dodo, wanda Atyap ke kira Abwoi, ba a yarda mace ta sani ba.

Da layin dogo ya haɗu a Kafanchan a 1927, maza da yawa suka tafi aikin reluwe da haƙar kuza a Jos, gona ta koma hannun mata. Makarantun mishan suka karɓi 'ya'ya mata. Zumuntar Mata a coci ta koya musu jagorantar taro da riƙon asusu, Islamiyya ta fito da matan aure neman ilimi.

Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Amma a 2006 Nenadi Usman ta zama ministar kuɗi, a 2011 ta zama sanatar Kaduna ta Kudu. A 2019 aka zaɓi Dakta Hadiza Balarabe, 'yar Sanga, mataimakiyar gwamna.

Sai dai mu leƙa Kachia ko Kwoi lokacin girbin citta. Mace ce zaune da wuƙa tana tsaga citta tun safe, yatsu na raɗaɗi, ita ke shanyawa, ita ke kwashewa. Ranar kasuwa kuwa, sau da yawa maigida ne ke karɓar kuɗin buhu. In ya rasu, a gidaje da dama dangin miji ke karɓe gonar.

Nan ne gyara ya rage. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa al'adar hana 'ya mace gadon uba ta saɓa wa tsarin mulki. Musulunci ma ya yanka mata kasonta tun tuni. Muna kira ga sarakuna, limamai da fastoci su tsaya wa gwauruwa da marainiya ranar rabon gado. Wadda ta sha ranar gona, a ba ta haƙƙinta a cikinta.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.