Akwatin Kafinta Shi Ne Ijazarsa

A shekarar 1796, wani kafinta na garin Chatham a ƙasar Ingila, mai suna Joseph Seaton, ya sayo wa ɗansa Benjamin kayan aiki kusan ɗari biyu daga birnin Landan. Shi kuwa saurayin, da ya ga girman amanar da aka danƙa masa, sai ya zauna a farkon 1797 ya ƙera musu akwati da hannunsa, wanda har yau yana nan a gidan tarihi na Rochester. Wannan al'ada ta mutanen da, wadda ta ɗora wa mai koyon sana'a gina ma'ajiyar kayansa kafin ya fita neman na kansa, ita nake ganin ya wajaba masu koyar da aikin kafinta su raya.

Itacen da Turawa suka fi zaɓa domin wannan aiki shi ne fain, saboda arharsa da rashin nauyinsa da kuma taushinsa. A cikin taushin nan ne hikimar take, domin idan bakin kurfi ya dakushe, maimakon ya yanka sai ya murƙushe naman katakon, aibin ya bayyana a fili. Ta haka yaro yake gane cewa wasa ƙarfe shi ne farillar farko ta sana'a. Sa'an nan idan ya zo haɗa kusurwa huɗu, ya zana layi, ya bi shi da zarto a natse, ya fitar da haƙora masu siffar wutsiyar kurciya waɗanda suke shiga juna kamar yatsun hannu biyu, har su riƙe ba tare da ƙusa ba, to ya sami darasin haƙuri da babu injin da zai karantar da shi.

Masu cewa zamani ya wuce wannan suna da hujja ta fuskar sauri, amma sun manta cewa zarto da guduma ba sa jiran a kawo wuta, kuma wanda hannunsa ya san yanayin katako shi ne zai iya sarrafa inji bisa basira. Bugu da ƙari, akwatin katako mai murfi da ya zauna daram yana kare ƙarfe daga ƙura da laima da tsatsa, alhali buhun da ake zuba kaya a ciki yana cinye kaifinsu.

Aikin kafinta sana'a ce mai daraja, tun da ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Saboda haka ina kira ga iyayen gidan sana'a da makarantun koyon aikin hannu: kada a yaye yaro sai ya ajiye akwatin da ya ƙera da hannunsa a gaban malaminsa, an duba kusurwoyinsa, an gamsu.