Cigiyar a-kori-kura daga Mertoutek zuwa Agadas

A Turai, idan aka sace tsohuwar a-kori-kura, mai ita yakan yi kuka ne don ƙauna, domin mota ce ta ado da ake kai wa baje koli. A Mertoutek, ƙauyen da ke cikin duwatsun Tefedest a arewa da Tamanrasset, inda baƙi kan je kallon zanen mutanen dā a jikin duwatsu, zancen ya sha bamban. A irin wannan wuri tsohuwar Land Cruiser, ko Peugeot 504 mai tamfal, ita ke ɗauko garin alkama da tukunyar gas, ita ke kai mai naƙuda asibiti.

Ɓarayi sun san abin da suke nema. Tun 1984 Toyota ke ƙera Land Cruiser samfurin 70, kuma tsofaffin ba su da tarkacen kwamfuta, kowane bakanike daga Tamanrasset zuwa Arlit zai iya kwance su ya ɗaura. Da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten na arewacin Nijar a 2014, sai kasuwarsu ta ƙara buɗewa. Daga Tamanrasset zuwa In Guezzam kuwa kimanin kilomita 400 ne, daga nan sai Assamaka, an shiga wata ƙasa.

To, ina cigiyar ke zuwa? Yawanci hoton motar ne a Facebook ko WhatsApp, a faɗi launi da lamba, jama'a su yi ta rubuta "Allah ya bayyana" da "Allah ya tona asirinsu". Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma fenti a dare ɗaya ake sauya shi, lamba kuwa ƙusa biyu ce. Abzinawa gwanayen bin sawu ne, sai dai iska ba ta barin sawun taya ya daɗe a kan rairayi.

Abin da ɓarawo ke shan wahalar ɓoyewa shi ne lambar shasi da ta inji, da alamun da mai mota da bakanikensa kaɗai suka sani: waldar da aka yi wa bodi ta gefen hagu, ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Waɗannan ya kamata cigiya ta ƙunsa. A kai wa jandarmomi lambar shasi, tun da Interpol na da rumbun bayanan motocin sata, kuma Aljeriya da Nijar duk mambobinta ne. Sannan a aika saƙon murya da Buzanci da Larabci da Hausa zuwa garejoji da masu sayar da kayan gyara, domin motar sata sau da yawa ba ta tsallake iyaka a tsaye, gunduwa-gunduwa take tafiya.

Nan ne maganar ta zo kan 'yan kasuwarmu da ke Tamanrasset da Agadas. Da ɗan gari akan ci gari. Dillalin da aka kawo wa inji lafiyayye da tsakar dare, a rabin kuɗi, babu takarda, bai kuma tambayi daga ina ba, ya san amsar tun kafin ya ƙirga kuɗin.