Tallafin da ya makara

 Yau zancen kuɗin tallafi ne, irin wanda ake danƙa wa talakan ƙauye a hannu ba tare da an gindaya masa sharaɗin abin da zai yi da shi ba.

Duk lokacin da aka tayar da zancen nan, sai ka ga mai ƙoshi ya gyara zama ya ce ai ɓarna ce. Wai idan ka ba talaka kuɗi aure zai ƙara, ko ya ƙarar da su a goro da taba, ko ya jingine fartanya ya miƙe ƙafa. Shi mai wannan magana albashinsa na shiga duk ƙarshen wata, babu wanda ya taɓa tambayarsa lissafin tsiren da ya ci. To, an gwada kuma an gani. A Jigawa da Zamfara, a ƙananan hukumomi irin su Buji da Gagarawa da Tsafe da Anka, an yi shirin ba mata masu juna biyu naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, tun daga ciki har yaro ya cika shekara biyu. Da aka zo aka auna yaran, sai aka tarar tsumburewa ta ragu, kuma matan sun sayi awaki, sun ja jari. A Nijar an ba gidaje jika goma na sefa duk wata har shekara biyu, mata suka zuba adashi, turke ya ƙaru. A yammacin Kenya kuwa, da aka ba su kuɗi a dunƙule, da yawa rufin ciyawa suka sauke suka sa kwano. Talaka ya san gidansa. Ya san inda ɗakinsa ke yoyo.

Saboda haka ni ba talaka ne damuwata ba. Damuwata lokaci. Lokaci, jama'a, lokaci.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san watan Agusta. Marka ta sauka, gero ya yi kai amma bai nuna ba, rumbu kuwa an share shi har ƙasa. Uwargida ta koma kwaɗon tafasa da zogale, tana barbaɗa ɗan gari don yara su ji kamar sun ci tuwo. Maigida ya tashi da asuba, ya wuce gonarsa da ciyawa ke ci, ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo abin auno mudu biyu da yamma. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin ya waiwayi tasa gonar, ciyawa ta gama da ita. Idan ƙwadagon bai samu ba, sai ya je ya ci falle, dami ɗaya yanzu, ya biya biyu da kaka. Idan zazzaɓin damina ya kama yaro, sai a ja akuyar uwargida kasuwa, a ranar da kowa ma tasa akuyar ya jawo, dillali ya taya yadda ya ga dama.

A irin wannan mako, a irin wannan wata, ɗan kuɗin da wasu ke rainawa shi ne ke tsayar da mutum a gonarsa. Shi ne ke hana cin falle. Shi ne ke barin akuya a turke har ta haihu. Amma ka ɗauki kuɗin nan dai, ka kai masa a watan Nuwamba, bayan ya ci bashin, ya sayar da akuyar, gonar ta lalace. Me ka yi? Mai bin bashi ka biya, talaka ɗan aike ne kawai.

Kuma wa ke jawo wannan makara? Mai sa hannu. Wannan bawan Allah da ke zaune a ofis mai sanyi, takarda na kan teburinsa, yau yana taro, gobe ya yi tafiya, jibi ana tantancewa. Mai sa hannu bai san marka ba sai ta gilashin mota. A wani shirin tallafi na gwamnati da aka yi a baya, a takarda an ce naira 5,000 duk wata, a haɗa a biya 10,000 bayan wata biyu. Je ka tambayi matan da suka riƙe katin shirin, su gaya maka sau nawa wata biyun ya zama biyar. Dala miliyan 322 aka dawo da su daga Suwizalan aka ce na talakawa ne. Kuɗi sun ƙetaro teku lafiya lau, amma daga birni zuwa ƙauye sai su yi ta tuntuɓe a hanya. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda mudu ya yi fiffike, don haka duk makon da mai sa hannu ya ƙara, kuɗin ƙara ƙanƙancewa suke.

Mace ba ta iya shiga adashi da kuɗin da ba ta san ranar zuwansu ba. Mai shago ba ya ba da bashin sabulu a kan wataƙila. Rabin amfanin tallafi a sanin ranarsa yake.

Af, tunda mun zo nan, bari in yi maganar ranar biya ita kanta, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na taɓa tsayawa a wani wurin rabo, inda aka tara mata tun hantsi a filin makaranta, babu rumfa, babu ruwan sha. Wata tsohuwa ta kai gaban layi bayan azahar, aka ce ta ɗora babban yatsa a kan na'ura. Na'ura ta ƙi. Ta goge yatsan a zani, ta sake ɗorawa, ta ƙi. Yaron da ke riƙe da na'urar ya ce, "Iya, zanen yatsanki ya goge, sai dai ki dawo wani zuwan." Ta kalli hannunta ta ce, "Ɗan nan, taɓarya ce ta cinye shi." Shekara da shekaru tana surfe da daka da sussuka, aikin da ya sa ta cancanci tallafin shi ne ya hana ta karɓa. Ta biya kuɗin acaɓa zuwa, za ta biya na komawa, hannu rabbana. A gefe guda kuwa ana ta jera waɗanda suka samu, ana cewa su ɗaga kuɗin sama a ɗauke su hoto. Haba jama'a! Don ka ba mace abin sayen mudu kaɗan, sai ka baza fuskarta a Facebook? Wa ya taɓa ɗaukar mai sa hannu hoto ranar da albashinsa ya shiga? Ga kuma mai POS yana jira a bakin ƙofa ya yanki nasa, ga wani da ya ce shi ya sa sunanta a rajista, shi ma yana jiran na goro.

Ranka ya daɗe mai sa hannu, hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu iri sun fara gyaran gona. Takardar nan tana kan teburinka, ƙarƙashin kofin shayi. Alƙalami na aljihun gaban rigarka.