INJIN GOGE KATAKO: A DUBA BEL DA WUTA KAFIN A DUBA GIRMA

Na san mai karatu ya saba cin karo da labaran soyayya a wannan fili, to yau sai a yi mini uzuri, domin gadon da ake kai wa amarya a ƙarshen labarin ma wani ne ya haɗa shi, kuma maganarsa zan yi.

Duk wanda ya san Gwandu da Kalgo ya san iyayen amare da yawa sun gwammace su ɗauki mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, wasu har Kano, su sayo kayan ɗaki, alhali ga kafinta a bakin layinsu. Ni a ganina ba ƙarfin aiki ne ya raba su ba, sau da yawa na gida ya fi ƙwari. Abin da ya raba su shi ne santsi. Uwar amarya ba ta ƙirga ƙusa, hannu take shafawa. Yaron shago kuwa in ya wuni yana dirzar ƙafar kujera da sanfefa, ƙafa ta huɗu ba za ta taɓa kama da ta farko ba. Wannan ne ya sa ƙananan kafintocinmu, har da masu aiki a zauren gida, suka fara sha'awar injin nan mai haɗe da bel da faifai. Sha'awa ce mai kyau, musamman a Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 ta jawo masu neman tebur da kujera da kantar littattafai. Sai dai yadda ake zaɓen injin ne ban gamsu da shi ba.

Mutumin namu in ya shiga kasuwa babba yake nema, wai don kada a raina shi. Ana samun injin nan kashi uku: ƙarami mai bel inci 1 da 30, matsakaici mai bel inci 4 da 36 da faifai inci 6, sai babba mai bel inci 6 da 48 da faifai kamar inci 9. Ƙaramin na masu wasa wuƙa ne da ƙananan sassaƙa. Ni matsakaicin nake ba da shawara, kuma dalilina na farko wuta ce. Matsakaicin yakan ci abin da bai wuce wat 370 zuwa 400 ba, wato rabin ƙarfin doki, babban kuwa yakan kai ninki biyu. Sannan irin wannan inji a lokacin da aka kunna shi yana fizgar wuta ninki uku ko fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Ka ga ƙaramin janareta da ake kunna fanka da talabijin sai ya yi tari ya mutu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa zai tayar da babban janareta don goge ƙafar kujera huɗu?

A nan ne kuma 'yan gwanjo ke shammatar mutane. Injin da ya fito daga Amurka an yi shi ne don wuta mai bolt 120, tamu kuwa 230 ce. In aka jona shi kai tsaye ya ƙone. In ma an saya masa taransifoma, bugun wutarsu 60 ne namu 50, saboda haka zai riƙa juyi a hankali yana ɗaukar zafi, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. A karanta ƙarfen da ke liƙe a jikinsa, in ba a ga 220 zuwa 240 ba a bar wa mai shi kayansa komai arha.

Dalili na biyu shi ne wanda aka fi mantawa. Injin ba ya goge komai, bel ɗin ne ke gogewa, kuma bel cinyewa yake kamar sabulu. Faifan da sauƙi, ko babu nasa za ka iya yanka sanfefa ka manna. Bel kuwa sai an samu daidai tsawonsa. Don haka kafin ka biya, tambayi mai shagon ko yana da bel ɗin, lamba 60 da 80 da 120, in ya ce sai an aiko daga Legas, to injin ado ka saya. Kuma ko ka samu kada ka jibge dozin uku a shago mai rufin kwano, domin gam ɗin mahaɗinsa zafi da daɗewa suna kashe shi.

In an zo gwaji, a sa mai kayan ya kunna. A duba ko bel yana zamewa gefe, ko teburin faifan na ƙarfe ne mai tsayawa cak, don teburin da ke rawa ba ya ba da kusurwa. Nauyi a nan alheri ne.

Amma fa ba kowa ya kamata ya saya ba. Wannan inji a zaune yake, kai ne ke kai masa katako. Yana da kyau ga ƙafar kujera da firam da bakin katako, har da allon karatu, wanda garin Shehu Abdullahi ba zai rasa masu nemansa ba. Wanda aikinsa wadirof ne da filawud, ya nemi na hannu, domin wannan cikin daƙiƙa kaɗan zai cinye fatar filawud ɗin ya bar masa tabo.

Sai ƙura. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, musamman a hanci, kuma yaran shago ne za su fi shaƙa. Wanda zai ajiye injin a gida inda mata da yara ke kwana, ya fitar da shi ƙarƙashin rumfa, ya sa kuɗin takunkumi cikin lissafi, kuma kada ya bari a wasa gizago ko adda a kansa alhali garin katako na tare a ciki, don tartsatsi ɗaya ya isa.